Tsufan Faifai: Tarihin Gidan Rediyon WBCN na Birnin Boston, 1968 zuwa 2009

Gabatarwa

Masu nazarin waƙa, ta baka ko rubutacciya, sun saba mai da hankali ga mawaƙi da jigo da salo, su manta da wanda ya kai waƙar kunnen jama'a. Alhali kuwa tun daga tsakiyar ƙarni na ashirin, da wuya waƙa ta yi suna sai wani ya tsamo ta daga cikin dubbai ya sa ta a rediyo, ya kuma yi ta maimaita ta har ta kama bakin mutane. Saboda haka tarihin wanda ke riƙe da ikon wannan zaɓi wani ɓangare ne na tarihin waƙar kanta. Maƙasudin wannan maƙala shi ne bin diddigin yadda ikon nan ya sauya hannu a gidan rediyo guda ɗaya, watau WBCN na birnin Boston a jihar Massachusetts ta Amurka, wanda ya shekara 41 yana watsa kiɗan rok. An zaɓi wannan gida ne domin ya soma a matsayin wurin da ake zuwa a ji abin da ba a taɓa ji ba, ya kuma ƙare yana juya fayafayan da masu sauraronsa suka haddace tun suna samari.

Kiɗan rok dai kiɗa ne na jita mai aiki da lantarki da ganguna da murya mai ƙarfi. Tushensa yana cikin kaɗe-kaɗen baƙar fatar kudancin Amurka, ya kuma bazu a tsakanin matasa farare a tsakiyar shekarun 1950. Abin da za a riƙa kira "jerin waƙoƙi" a nan kuwa shi ne adadin waƙoƙin da hukumar gidan rediyo ta amince a riƙa sawa, da kuma yawan maimaicin da aka yanka wa kowace.

Asalin Tashar

Kafin 1967 rediyon matasa a Amurka yana kan zangon AM ne, kuma tsarinsa ɗaya: waƙoƙi arba'in da suka fi kasuwa a mako, kowace ba ta wuce minti uku ba, mai gabatarwa yana magana da sauri tsakanin talla da talla. Zangon FM kuwa, duk da ya fi tsabtar sauti, kusan kango ne, domin masu gidajen rediyo kan ɗauki shirin AM ɗinsu su zuba a kansa kawai. Sai Hukumar Sadarwa ta Tarayya ta kafa doka, wadda ta soma aiki a 1967, cewa a garuruwan da mutanensu suka haura 100,000 ba a yarda tasha ta kwafi fiye da rabin shirin AM ta sa a FM ba. Nan take aka sami sa'o'i masu yawa da babu abin cika su, kuma babu wanda ya sa ran za su kawo kuɗi. Wannan rashin sa rai shi ne ya haifi 'yancin da za a yi magana a kai. A birnin San Faransisko wani mai gabatarwa, Tom Donahue, ya soma sa dogayen waƙoƙi daga manyan fayafayai a tashar KMPX a 1967, sauran birane suka bi sahu.

WBCN a lokacin tasha ce ta kiɗan gargajiyar Turai, mallakar wani injiniya, T. Mitchell Hastings, kuma tana fama da rashin kuɗi. Wani lauya mai suna Ray Riepen, wanda ke da gidan rawa da ake kira Boston Tea Party, ya shawo kan Hastings ya ba shi sa'o'in dare. Ran 15 ga Maris 1968, Joe Rogers ya sa waƙar "I Feel Free" ta ƙungiyar Cream ta Ingila. Kafin shekarar ta ƙare, rok ya cinye dukkan sa'o'in tashar.

Abin lura a wannan zamani shi ne babu jerin waƙoƙi sam. Mai gabatarwa kan shiga ɗakin ajiyar fayafayai ya ɗebo abin da ransa ya ba shi, ko ya zo da nasa daga gida. Yana iya sa rok, ya biyo da jaz, ya biyo da kiɗan Indiya ko muryar shugaban ƙasa yana jawabi a kan yaƙin Biyetnam, kana ya rufe da waƙar da ke ba jawabin amsa. Gwanintarsa tana wajen haɗin, watau yadda ƙarshen wannan waƙa zai shiga farkon waccan, ta fuskar sauti ko ta ma'ana, har sa'a guda ta zama zance ɗaya mai kai da gindi. Galibin masu gabatarwar ba ƙwararrun 'yan rediyo ba ne. Peter Wolf, wanda ya riƙe dare a farkon lamarin, mawaƙi ne, daga baya ya shahara da ƙungiyar J. Geils Band. Charles Laquidara, wanda shirinsa na safe ya zama abin tashin garin na shekaru da yawa, wasan kwaikwayo ya koya. Danny Schechter ya riƙa karanta labarai yana feɗe su, ba tare da ɓoye adawarsa da yaƙin Biyetnam ko da mulkin wariyar launin fata na Afirka ta Kudu ba. Akwai kuma layin tarho wanda 'yan sa kai ke amsawa, inda mai sauraro zai roƙi waƙa, kamar dai yadda aka san shirin Zaɓi Sonka a Rediyon Kaduna, sai dai a nan har cigiyar kare da neman wanda zai rage wa mutum hanya zuwa wani gari ana yi.

Birnin ma ya taimaka. Boston da kewayenta cike suke da jami'o'i da kwalejoji, irin su Harvard da MIT da Jami'ar Boston, don haka duk shekara sababbin kunnuwa suke shigowa garin.

Amma fa kada a ɗauka zamanin ba shi da aibi. 'Yancin na maza ne farare kusan zalla, har sai da wata ƙungiyar mata ta yi wa tashar zanga-zanga a 1970, a kan wata sanarwa ta raini da aka yi game da mata masu buga tafireta, kafin a ɗauki mace mai gabatarwa. Wadda aka ɗauka, Maxanne Sartori, ita ce ta dage da sa Aerosmith tun ba a san su ba a wajen jihar, ita ce kuma a 1977 ta riƙa sa wani kaset na gwaji na ƙungiyar The Cars tun ba su da kamfanin faifai. Masu sauraro suka yi ta roƙon waƙar, kamfanoni suka ji labari, suka zo da takardar yarjejeniya. Haka nan a 1980 Carter Alan ya riƙa sa faifan wasu samari daga Ailan, U2, wanda aka shigo da shi daga ƙetare kafin a buga shi a Amurka. A duk misalan nan mutum ɗaya ne ya yi kasada da kunnensa. Sau da yawa irin wannan kasada ba ta ci ba, an sa waƙoƙi barkatai waɗanda babu mai tuna su yau; sai dai da ba a ba da damar yin kuskuren ba, da ba a dace da waɗanda suka ci ba.

Shigowar Ƙididdiga

Da FM ya soma kawo riba, masu jari suka waiwayo. A 1979 wasu 'yan kasuwa biyu, Michael Wiener da Gerald Carrus, masu kamfanin Infinity, suka sayi WBCN, suka kori ma'aikata 19 a tashi ɗaya. Sauran ma'aikata suka shiga yajin aiki, masu sauraro da mawaƙan gari suka goya masu baya, masu talla da dama suka janye. Bayan mako uku aka mai da waɗanda aka kora. An sha ba da wannan labari a matsayin nasarar 'yanci a kan jari, kuma nasara ce. Sai dai abin da kora ta kasa yi, gasa ta yi shi cikin shekara biyu.

Wata tashar garin, WCOZ, ta ɗauko wani mai ba da shawara, John Sebastian, wanda ya taƙaita waƙoƙinta zuwa 'yan kaɗan masu zafi waɗanda bincike ya tabbatar samari na so, ya kuma rage surutun masu gabatarwa. A 1981 WCOZ ta yi wa WBCN fintinkau a yawan masu sauraro. Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun a shekarun 1970 Lee Abrams yake sayar wa tashoshi da yawa a faɗin ƙasar tsari guda na sanannun mawaƙa kaɗai. Amma a Boston wannan ne karon da ta yi cizo. WBCN ta naɗa wani mai gabatarwa da aka fi sani da laƙabin Oedipus ya zama daraktan shirye-shirye a 1981, shi kuma ya kawo jerin waƙoƙi da tsarin maimaici, ko da yake ya bar wa masu gabatarwa 'yar ƙofa ta zaɓin kansu. Tashar ta farfaɗo, WCOZ ta bar rok bayan 'yan shekaru, kuma shekarun 1980 su ne lokacin da WBCN ta fi kowane lokaci ƙarfi da kuɗi. Wannan nasara ita ce ta sa ba a ga abin da aka shuka ba.

Ya kamata a tsaya a nan a bayyana yadda injin ke aiki, domin a cikinsa tsufan yake. Gidan rediyon kasuwanci a Amurka ba waƙa yake sayarwa ba. Kunnuwa yake tarawa ya sayar wa masu talla. A wancan lokaci kamfanin Arbitron ne ke ƙirga kunnuwan, ta hanyar raba wa zaɓaɓɓun gidaje ɗan littafi su rubuta abin da suka saurara a mako. A lokacin ana lissafin ne da kwata-kwatar sa'a: in mutum ya saurari tasha na minti biyar a cikin kwata guda, an ba ta lada. Don haka babban abin tsoron darakta shi ne waƙar da za ta sa mai mota ya miƙa hannu ya murɗa akwati. Waƙar da aka sani, ko da an soma gajiya da ita, ba ta cika sa a murɗa ba. Baƙuwar waƙa ita ce ke sawa.

Don gudun haka aka ƙirƙiro gwajin zaure. Akan tara mutane kimanin ɗari a zauren otal, a biya su ɗan abin hasafi, a sa masu guntayen waƙoƙi ɗaruruwa, kowane guntu na 'yan daƙiƙoƙi, galibi amshin waƙar. Kowa zai nuna ko ya san ta, ko yana son ta, ko ta gundure shi. Wadda ta ci ta shiga jeri, wadda ta faɗi a jingine ta. Aibin wannan hanya a fili yake ga duk wanda ya san yadda waƙa ke shiga zuciya: daƙiƙa takwas sun isa a gane tsohuwar masoyiya, amma ba su isa a ƙulla sabuwar soyayya ba. Ma'aunin yana auna sabo ne, sabo kuwa rediyon ne da kansa ya haifar da shi a shekarun da yake kasada. Kowane gwaji sai ya tabbatar da sakamakon wanda ya gabace shi, jerin ya riƙa tsukewa, har mawaƙin da ya yi fayafayai goma ya koma waƙa uku ko huɗu. Daga baya aka miƙa wa kwamfuta aikin jerawa. Manhajar Selector, wadda ta fito a 1979 ta kuma game gidajen rediyo a shekarun da suka biyo, ita ke tsara abin da za a sa a kowace sa'a bisa ƙa'idojin da darakta ya ba ta. Mai gabatarwa ya tashi daga mai zaɓe ya koma mai sanarwa.

Akwai kuma lissafin shekaru, wanda ba ya jin lallashi. Masu talla sun fi biya a kan rukuni biyu, 'yan shekara 18 zuwa 34 da 'yan 25 zuwa 54. Wani nazari da Morris Holbrook da Robert Schindler suka buga a 1989 ya nuna cewa mutum ya fi shaƙuwa da waƙoƙin da suka yi tashe yana da shekara ashirin da 'yan kai. To, ɗalibin da ke da shekara 20 daren da aka sa waƙar Cream ya cika 35 a 1983, ya fita daga rukunin farko; a 2003 ya cika 55, ya fita daga na biyu. Tashar da ta bi shi za ta tsufa tare da shi. Wadda ta rabu da shi ta nemi ƙannensa kuwa ta zubar da sunan da ta shekara tana ginawa.

Rabon Gado

Zuwa tsakiyar shekarun 1980 wasu sun gane cewa tsofaffin waƙoƙin rok kaɗai sun isa su riƙe tasha. Fred Jacobs ne aka fi danganta wa wannan tsari, wanda aka sa wa suna da ke nufin rok na asali. A Boston tashar WZLX ta ɗauke shi a 1985, ta riƙa sa Led Zeppelin da The Who da Rolling Stones dare da rana, watau ainihin waƙoƙin da WBCN ta koya wa garin so. A ɗaya gefen kuma akwai WFNX, 'yar ƙaramar tasha da jaridar Boston Phoenix ta kafa a 1983, wadda ta ɗauki aikin gano sababbin mawaƙa. Tana cikin tashoshin farko da suka sa faifan Nevermind na Nirvana a 1991. Daga garin Worcester kuma WAAF tana jan samari masu son kiɗa mai nauyi. Ga kuma MTV, wadda tun 1981 ta mai da talabijin wurin da matasa ke fara ganin mawaƙi. WBCN ta wayi gari an raba gadonta tana da rai: wani ya ɗauki jiyanta, wani ya ɗauki gobenta.

A farkon shekarun 1990 kamfanin Infinity ya sayi WZLX, tashoshin biyu suka zama 'yan gida ɗaya. Daga nan shawarar ta zama ta lissafin kamfani: babu dalilin da zai sa shaguna biyu na mutum ɗaya su sayar da haja iri ɗaya. A 1995 WBCN ta ajiye tsofaffin fayafayanta ta koma sabon rok na zamanin Nirvana da Pearl Jam, ta kuma soma watsa wasannin ƙungiyar New England Patriots ta ƙwallon Amurka. A 1996 aka mai da Laquidara WZLX, aka ba Howard Stern safiya, mutumin da ke magana daga birnin New York kuma ana jin sa a birane da yawa lokaci guda. Shirin Stern na barkwanci da batsa ya tara jama'a ya kawo kuɗi, babu musu. Amma sa'o'in da suka fi kowane daraja a rana sun zama babu kiɗa a cikinsu, babu kuma Boston.

A wannan shekara ta 1996 ne Majalisar Amurka ta zartar da dokar sadarwa wadda ta soke iyakar yawan gidajen rediyon da kamfani ɗaya zai mallaka a ƙasar, ta kuma yarda ya riƙe har takwas a babban birni guda. Infinity ya narke cikin kamfanin Westinghouse mai CBS. Wani kamfanin, Clear Channel, ya tara tashoshi fiye da 1,000 cikin 'yan shekaru. An sayi tashoshin da tsada, galibi da bashi, kuma mai bin bashi ba ya son jin labarin gwaji.

Komawa ga matasa ta yi amfani na ɗan lokaci, sa'an nan injin da aka bayyana a baya ya kama sabon jerin kamar yadda ya kama tsohon. Waƙoƙin farkon shekarun 1990 su ne suka riƙa cin gwajin zaure, don haka su ne suka zauna. A shekarunta na ƙarshe tashar ta dogara a kansu ƙwarai, har ta dawo da wasu daga cikin tsofaffin da ta ajiye. Ƙaramin lissafi zai nuna nisan tafiyar. Sa'ad da WBCN ta soma a 1968, shekara 12 kacal ke tsakaninta da fitowar Elvis Presley ta 1956, kuma masu gabatarwarta suna ganin zamanin Elvis tsohon yayi ne. A 2009 faifan Nevermind yana da shekara 18, amma shi ne ƙashin bayan tashar da ake kira ta sabon kiɗa.

Ba daidai ba ne a ɗora wa masu tashar laifin duka. Matasan da ake nema sun riga sun canza hanya. Napster ya fito a 1999, iPod a 2001, YouTube a 2005, kuma yaron da ke da waƙa dubu a aljihu ba ya jiran mai gabatarwa. Daɗin daɗawa, kiɗan da ke motsa matasan Amurka ya koma hip-hop, wanda tashoshin rok suka ƙi buɗe wa ƙofa, duk da cewa kakanninsu na 1968 ba su ga laifin haɗa jaz da rok a sa'a ɗaya ba. Zuwa 2017 ƙididdigar kamfanin Nielsen ta nuna hip-hop da danginsa sun zarce rok a yawan saurare a ƙasar. Sai dai ana iya cewa abu guda da intanet ba ta iya bayarwa a lokacin shi ne mutum ɗan gari, mai kunne, wanda aka amince da shi ya ce "ku saurari wannan". Shi ne kuwa abin da tashar ta riga ta sallama tun kafin abokin gasar ya iso.

Rufewa da Abin da Ya Biyo Baya

Oedipus ya bar muƙaminsa a 2004. Stern ya koma rediyon tauraron ɗan Adam na Sirius a farkon 2006, ya tafi da jama'arsa, waɗanda aka gwada a gurbinsa kuma ba su riƙe su ba. A watan Yuli na 2009, ana tsakiyar karyewar tattalin arziki da raguwar talla, kamfanin CBS ya ba da sanarwar rufe WBCN. Za a ba wata tashar kamfanin mai sassauƙan kiɗa mita 104.1, a buɗe sabuwar tashar wasanni zalla a mita 98.5, a mai da wasannin Patriots can. Watau abin da aka ga ya cancanci ceto daga cikin kayan gidan shi ne ƙwallo.

An ba tashar kwana huɗu ta yi bankwana. Tsofaffin masu gabatarwa suka dawo, aka kuma ƙyale su su sa abin da suka ga dama, abin da aka daɗe ba a yi ba a wannan mita. Jim kaɗan bayan tsakar daren 12 ga Agusta 2009, Bradley Jay ya sa waƙar Cream da aka buɗe da ita, ya biyo da "Shine On You Crazy Diamond" ta Pink Floyd, aka kashe.

Abokan gasarta masu neman sabon kiɗa ba su daɗe a bayanta ba. An sayar da mitar WFNX ga Clear Channel a 2012, jaridar da ta kafa ta kuma ta daina fitowa a 2013. An sayar da WAAF a 2020 ga wata cibiya mai watsa waƙoƙin addinin Kirista. Wadda ta wanzu ita ce WZLX, wadda tun ranar farko ba ta yi alkawarin sabon abu ba, kuma da tafiya ta yi tafiya irin tsarinta ya soma shigar da Nirvana da Pearl Jam cikin rok na asali. Tarihin WBCN kuwa ya koma hannun waɗanda suka yi aiki a cikinta: Carter Alan ya wallafa littafinsa Radio Free Boston a 2013, Bill Lichtenstein, wanda ya soma amsa tarho a tashar yana ɗan shekara 14, ya fitar da fim a kan shekarunta na farko a 2019, bayan ya shekara da shekaru yana roƙon tsofaffin masu sauraro su aiko da kasa-kasan da suka naɗa a gidajensu.